Ku adana katin baftismar yaranku

'Yan'uwa, musamman iyaye mata da ke ƙananan garuruwan Sinnar da Gadarif a Sudan: ku ɗauki hoton katin baftismar kowane yaro a waya, gaba da baya, ku tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, iyalai da yawa sun bar Khartoum ba su ɗauko takarda ko ɗaya ba. Ranar da yaro zai fara karɓar Jibin Ubangiji, ko ya tashi aure a coci, Fada zai nemi shaidar baftisma. Wanda nasa ya ɓata, ya je wajen katikis, mai koyar da addini a coci, tun yanzu da sunan cocin, shekarar, da sunan wanda ya tsaya wa yaron. Don Allah ku taimaka wa tsofaffin da ba su da waya.