Yadda ƙaramar hukuma ke shirya tsarin filaye na shekara 20

Na daɗe ina aiki a sashen tsara gari na wata ƙaramar hukuma. Duk sabon ma'aikacin da ya tambaye ni ta ina ake fara shirya tsarin amfani da filaye, ce masa nake ya ajiye biro tukuna, ya sa takalmi mu fita.

Aikin farko shi ne sanin abin da ke ƙasa. Ka samo hoton tauraron ɗan'adam na bana da na shekara 10 baya, ka ɗora su a kwamfuta, za ka ga inda garin ke miƙewa da kansa. Amma hoto ba ya nuna komai. Sai ka taka, kuma ka taka da damina. Akwai ranar da wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni bayan wata katanga, ya nuna mini layin laka da ruwa ya bari, daidai ƙuguna. A taswirarmu wurin fili ne mai kyau, har an fara maganar yanka fuloti. "Yaro, nan hanyar ruwa ce tun kafin a haife ka," in ji shi. A ranar muka cire wurin daga inda za a yi gidaje.

Shi ya sa nake fara shata wuraren da ba za a taɓa gini ba kafin komai: fadama, bakin rafi, kwazazzabo, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gonaki masu albarka. Abin da ya rage shi za a raba.

Sai lissafin jama'a. A ce garinku na da mutum 100,000, yana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Bayan shekara 20 zai haura 180,000. Idan kowane gida na ɗaukar mutum 6, ana bukatar sababbin gidaje sama da 13,000, ban da makarantu, asibiti, kasuwa, maƙabarta da wurin zubar da shara. Ka mayar da wannan zuwa hekta, ka kuma ƙara wani abu a kai, don gari ya fi saurin cika fiye da yadda ake zato.

Inda na fi tsayawa kai da fata shi ne hanyoyi. Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na fili ga tituna. Masu fili kan ga wannan kamar asara ce, ni kuwa na ga abin da ke faruwa idan ba a ware ba: lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, sannan a dawo ana rusau ana rigimar diyya. Birnin New York ya shata manyan hanyoyinsa 12 da tituna 155 tun a 1811, lokacin da mafi yawan wurin gonaki ne da duwatsu, kuma har yau a kansu ake tafiya. Ba dole sai akwai kuɗin kwalta ba. A aika safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a hana kowa shiga.

Da zarar daftari ya kammala, a fito da shi gaban jama'a. A liƙa taswira inda kowa zai gani, a yi bayani da harshen da mutane ke ji, a ba da makonni don karɓar ƙorafi. Taro ɗaya a zauren hukuma ba ya isa, don manoma, 'yan kasuwa da mata masu sana'a a gida ba lokaci ɗaya suke samun sarari ba. A bi su unguwa-unguwa. Kowane ƙorafi a rubuta shi, a kuma rubuta amsarsa, ko an karɓa ko an ƙi.

Daga nan kansiloli su yi muhawara su amince, a tura sama idan doka ta bukaci haka.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: tsari mai kyau da ake sakawa a durowa ƙura ta rufe shi. Maganinsa a haɗa shi da kasafin kuɗi, a ce magudana kaza da hanya kaza su ne na shekara 5 na farko, kuma duk mai neman izinin gini a auna bukatarsa da taswirar. A Ingila ana son tsarin ya hango aƙalla shekara 15, ana kuma sake duba shi duk shekara 5. Idan lokacin dubawar ya zo, ka ɗauko sabon hoto ka ɗora a kan taswirar, sannan ka sake fita ka ƙirga duwatsun iyaka nawa ne har yanzu suke inda aka kafa su.