Yadda za ka lissafa shekarun sararin samaniya da wayarka

Ɗalibaina na darasin yamma a Agege nake koya wa wannan lissafi. Motar da ta tashi daga Legas zuwa Kano, in ka san nisan da ta ci da gudunta, ka san lokacin da ta bar tasha. Haka tarin taurari suke. A 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya nuna cewa wanda ya fi nisa shi ya fi saurin guje mana. Nisansu da gudunsu za su ba ka lokacin da suka fara rabuwa, wato shekarun sararin samaniya.

Gudun kusan kilomita 70 ne a daƙiƙa ga kowane megafasek, wato tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26. Buɗe kalkuleta ka raba 978 da 70. (Lambar 978 ta ɗauke maka wahalar mayar da kilomita da daƙiƙoƙi zuwa shekaru.) Za ka samu kusan 14, shekara biliyan 14 ke nan.

Gwada 67, sannan 73, a madadin 70, don masana na jayayya tsakanin biyun: za ka samu 14.6 da 13.4. Kada ka riƙe amsarka da ƙarfi, malam, domin gudun bai tsaya ɗaya ba. Da farko ya ragu, daga baya ya ƙaru. Awon kumbon Planck ya ba da biliyan 13.8.