Fenti Mai Ƙarfin Launi a Ƙaramin Gidan Haya: Kurakuran da Aka Fi Yi a Abuja da Gyaransu

Yawancin ɗakunan haya a Kubwa, Lugbe, Karu da Dutsen Alhaji da launi ɗaya ake miƙa makullinsu: ruwan madara, ko farin da aka tsinka da ruwa har ana hango filasta. Mai gida yana da dalilinsa, launin ne mai araha, kuma ba ya korar ɗan haya. Amma wanda ya biya kuɗin shekara a ciki da falo, ko ɗaki ɗaya mai kicin da banɗaki a ciki, ba laifi ba ne don ya so wurin ya yi daɗin zama. Shuɗi mai duhu, kore shar, ruwan hanta, ruwan makuba da ruwan goro duk suna zama daram a ƙaramin ɗaki. Maganar da ake yi cewa launi mai duhu yana matse ɗaki ba ta cika gaskiya ba. Abin da ke ɓata aikin yawanci kafin a buɗe galan yake faruwa: ba a duba haske ba, ba a duba bangon da za a shafa ba, ba a kuma yi lissafin ranar tashi daga gidan ba.

Mai gida tukuna

Mutane da dama sai sun gama fenti mai gida ke gani, ko kuma su tsaya a kan amincewar baki da dillali ya bayar. Dillali ba shi ne zai riƙe maka kuɗin ajiyar ɓarna ba ranar da za ka tashi. Ka karanta takardar yarjejeniya, sau da yawa akwai layin da ya hana canza wani abu a gida ba da izini ba. Sannan ka tura saƙo a rubuce, ko ta WhatsApp ne: "Ranka ya daɗe Alhaji, ina neman izini in yi wa bango ɗaya na falo fenti shuɗi mai duhu. In zan tashi zan mayar da shi launin da na samu, da kuɗina." Ka ajiye amsar. Ka ɗauki hoton kowane bango kafin a taɓa shi, ka kuma tambayi sunan kamfani da lambar launin da ke kai.

Mayarwar ma aiki ce mai cin kuɗi. Ruwan madara ba ya rufe shuɗi mai duhu da hannu ɗaya, sai an fara shafa firaima, wato fentin shimfiɗa, sannan a bi da hannu biyu. Wanda bai da tabbacin zai wuce shekara a gidan, bango ɗaya ya ishe shi.

Zaɓen launi a waya ko a bakin shago

Launin da ka gani a Instagram ya bi ta kyamara, ya bi ta tacewa, ya bi ta hasken fuskar wayarka. Katin launi kuwa, in ka duba shi a ranar tsaka a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, hasken da ke kansa ya ninka na ɗakinka nesa ba kusa ba. Ga shi launi in ya bazu a bango yana ƙara ƙarfi fiye da yadda yake a ɗan kati. Abin da ya yi maka daidai a kati yakan yi yawa a bango, don haka a ƙaramin ɗaki gara a nemi wanda aka ɗan kashe wa kaifi: kore mai sirkin toka maimakon koren tuta, jan ƙasa maimakon ja wur.

Ka sayi lita ɗaya, ka shafa hannu biyu a kan kwali ko falanki mai kamar santimita 60 kowane gefe. Kada ka yanke hukunci yana jiƙe, fentin ruwa yana canja fuska in ya bushe. Ka jingina shi a bangon da kake nufi, ka duba da safe, ka duba bayan la'asar, ka duba da dare a ƙarƙashin ƙwan ɗakin. Akwai dubawa ta huɗu da kusan kowa ke mantawa, wato lokacin da aka ɗauke wuta, ba abin da ke ci sai fitilar caji. A nan ake sanin launin da za a iya zama da shi.

Taga ita ce alƙali. Wadda ta kalli yamma tana zubo haske mai ja-ja da zafi daga azahar zuwa magariba, musamman a watan Maris. Ruwan goro ko ja a irin wannan ɗaki sai ya ƙara wa ido zafi, shuɗi da kore sun fi kwantar da shi. Tagar da ta kalli katangar maƙwabci, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, kamar yadda ake yawan gini a unguwannin gefen gari, haskenta kaɗan ne. A nan shuɗi mai duhu baƙi yake komawa da rana tsaka, launi mai ɗumi irin jan ƙasa ko ruwan zuma ya fi dacewa.

Sai ƙwan lantarki. Yawancin waɗanda ake samu a shagon unguwa farare ne fat, an rubuta 6500K a kwalinsu. Irin wannan haske yana kashe jan ƙasa da ruwan hanta, ya mayar da ɗaki kamar ɗakin jiran asibiti. A nemi mai haske mai ɗumi, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K. Kuma ƙwai ɗaya a tsakiyar silin ba ya isar bango mai duhu, domin shanye haske yake yi. Fitilar tsaye a lungu, ko ƙarama a gefen gado, ita ke fito da launin.

In jeren amarya za a yi, ko akwai kujeru da labule a ƙasa, fenti ne zai bi su, ba su za su bi shi ba. A cibiyoyin haɗa launi na kamfanoni irin Dulux da Berger ana haɗa maka kusan kowane launi da inji, amma samun labulen da ya dace da bangon da aka riga aka shafa yawo ne. Ka tafi da ƙyallen labulen da hoton tayil ɗin ɗakin.

Wane bango?

Bango huɗu launi huɗu, wannan kam ba ya gyaruwa sai da sabon fenti. Launi mai ƙarfi ɗaya, sauran masu haske, sai a maimaita mai ƙarfin a filo ko kafet. Bangon da ya fi karɓa shi ne na bayan gado ko na bayan doguwar kujera. A ɗaki mai tsawo da ƙunci, gajeren bangon can ƙarshe ake shafawa, sai ɗakin ya daina kama da lungu. Bangon da taga take jikinsa ba ya samun haskenta, launin ba zai fito ba. Wanda wadrob zai rufe kuwa asarar fenti ce. Silin a bar shi fari, kuma a tsayar da launi a kusurwar ciki, ba a tsakiyar bango ko bakin kusurwar da ta fito waje ba.

Akwai dabarar rabin bango: mai duhu daga ƙasa zuwa santimita 110 ko 120, mai haske daga nan zuwa sama. Ta dace da gidan da ake zama a ƙasa ana jingina, ko mai yara. A auna layin da ma'aunin magina mai ruwa, kada a bi tayil, don ba kowane daɓe ne a miƙe ba.

Abin da ke ƙarƙashin fentin

Nan ne kuɗi suka fi salwanta. Launi mai duhu ba ya rufa wa bango asiri, duk rami da tudu sai ya nuna.

Fara da shafa tafin hannunka a bangon. In ya fito da farin gari, tsohon fentin ya mutu, sabon zai kama garin ne ba bango ba, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa. A kankare abin da ya saki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe, a shafa firaima.

In tsohon fentin yana sheƙi, a gwada shi. A jiƙa auduga da sifirit na kemis a murza. In launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne, ana iya hawa kansa. In bai biyo ba, fentin mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama shi, da farce ma sai ka saɓule shi. Sai an kashe sheƙin da sanfefa mai lamba 120 zuwa 180, an goge, an sa firaimar da aka yi don wannan aiki. A nan a yi hattara. Tsofaffin fentin mai, musamman ja da rawaya, suna iya ƙunsar dalma, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. A jiƙa sanfefar da bangon kafin gogewa don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, a fitar da yara da mai juna biyu, a kuma goge ƙasa da ruwa, ba da tsintsiya ba.

Laima ta fi duka wuya. Alamarta kumburin fenti, farin gishiri a ƙasan bango, ko baƙin tabo a bangon da ya haɗa da banɗaki. Ka manna leda mai santimita 30 a wurin, ka rufe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga jiƙa a ƙarƙashinta, ruwa daga cikin bango yake fitowa: famfo ne ke yoyo, ko rufi, ko ƙasa ce ke turo shi. Babu fentin da zai tare wannan, kuma gyaran na mai gida ne. A kan launi mai duhu farin gishirin ya fi muni. Baƙin tabon funfuna kuma a wanke shi da Hypo ko Jik, kashi ɗaya a ruwa kashi uku, taga a buɗe, kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Sabon gini ma tarko ne. Filastar siminti tana buƙatar kamar mako huɗu kafin fenti, in ba haka ba kaifin simintin yana cinye launi ya bar dabbare-dabbare. Ramukan ƙusa a cike su da fila, wato kwaɓin cike rami, a goge, a ɗiga musu firaima, don in an tsallake wannan kowane cike sai ya fito daban.

Irin fenti, yawansa, da ruwan da ake zuba masa

Fentin mai a bangon ɗakin kwana kuskure ne. Warinsa yana daɗewa, sheƙinsa yana tona kowane lahani, kuma wahala ce ga wanda zai mayar. A bar shi wa ƙofa da ƙarfen taga. A bango, zaɓi tsakanin mai ɗan sheƙi ne, wanda ake kira satin, da mara sheƙi. In an yi wa bangon sikiridin, wato shafen da ke daidaita fuskar filasta, ya yi sumul, satin ya fi, yana goguwa in hayaƙin girki ko na turaren wuta ya taɓa shi. In filasta ce mai kaushi, mara sheƙi ya fi ɓoye ta, sai dai mai duhunsa yana nuna inda kai ke jingina da inda aka murza. A nemi wanda aka rubuta ana wankewa.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayi ƙafa 10, bangonsa ɗaya murabba'in mita 11 ne. Fenti mai kyau lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10 a hannu ɗaya. Ke nan galan ɗaya mai lita 4 ya ishi bango ɗaya har hannu uku. Ɗakin duka, in an cire ƙofa da taga, kamar murabba'in mita 40 ne, hannu biyu lita 8, galan biyu. Bango mai kaushi yana shan fiye da haka. Ja da rawaya ba su da ƙarfin rufi, a sa ran hannu uku, kuma firaima ruwan toka a ƙarƙashin ja tana rage wahala.

Araha ba ta ado. Bokiti mai lita 20 da aka sayar kusan kuɗin galan, alli da ruwa sun fi yawa a ciki. Haka nan tsinka fenti da ruwa don ya kai: launin yana kodewa, ya yi zane-zane. A bi abin da aka rubuta a jikin galan, yawanci bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, wato bai kai ko ledar fiya wata ɗaya ba a galan guda. In mai fenti ka ɗauka, ka sayi kayan da kanka, ku yi cinikin aikin hannu kawai, ka kuma faɗa masa tun farko: "Malam, a gabana za a zuba ruwan."

Haɗa launi da hannu a gida, ana ɗiga kala a farin fenti, yana da matsala guda: in ya ƙare a tsakiyar bango ba za a sake samun irinsa ba. Ko na kamfani ne, galan biyu kan ɗan bambanta, don haka a juye su a bokiti ɗaya a motsa sosai kafin a fara.

Ranar aiki

Da hunturu fenti yana bushewa da sauri, ƙura kuma tana manne masa. A kashe fanka, a rufe tagar da iska ke shigowa har fuskar fentin ta kama, sannan a buɗe. Da damina, musamman Agusta da Satumba, bushewa tana jinkiri, a ƙara lokacin jira. A ka'ida fentin ruwa yana son awa biyu zuwa huɗu tsakanin hannu da hannu, fentin mai kuwa sai washegari.

A bi gefuna da buroshi, nan take a bi da rola kafin gefen ya bushe, in ba haka ba bangon zai fito da firam mai duhu kewaye da shi. Bango ɗaya a gama shi a tashi ɗaya, ba a tsayawa a tsakiya don amsa waya. Hannu na farko na launi mai duhu kullum muni yake yi, kada a koma ana lallaɓa shi yana rabin bushewa, na biyu ne ke daidaita shi. Salatif na takarda ake sawa a gefen silin da soket, ba na leda ba, kuma a cire shi a hankali tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba. Tayil a shimfiɗa masa kwali ko leda, ɗigon da ya faɗi a goge shi yana ɗanye.

Kada a matso da gado ko kujera jikin bangon sai bayan kwana biyu, kada kuma a wanke shi sai ya yi mako biyu zuwa huɗu. Ragowar fentin a juye shi a ƙaramar roba mai murfi, a rubuta sunan launi da lambarsa a jiki, a ajiye inda rana ba ta bugu. In gyaran tabo ya taso a ɗiga da ɗan soso, amma in wurin ya fi tafin hannu girma, a sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, don faci a kan launi mai duhu yana nunawa.