Yadda Ake Kula da Ɗan Ƙaramin Karen Chihuahua a Bauchi

Karen Chihuahua, wanda ake furta sunansa Ciwawa, ya samo sunan ne daga wata jiha da ke arewacin ƙasar Meziko, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin nau'o'in karnukan da aka sani. Babbansa bai cika wuce kilo 3 ba, wato kusan nauyin zakara ƙosasshe. Yana da manyan idanu da kunnuwa a miƙe, akwai mai gajeren gashi, akwai kuma mai dogo. Idan ya sami kulawa yakan kai shekara 14 zuwa 16. Abin da nake so mai niyyar riƙe shi a Bauchi ya fahimta shi ne, duk dabarun da muka saba da su wajen riƙon karen gida, wanda ake ɗaurewa a bakin ƙofa a zuba masa ragowar tuwo, suna iya halaka wannan kare, domin ƙanƙantar jikinsa ce ke yanke hukunci a kan abincinsa, makwancinsa da maganinsa.

Kafin a sayo shi, a tsayar da maganar wurin zamansa. Yawancin gidajen Musulmi ba sa barin kare ya shiga ɗakin kwana ko wurin salla, shi kuwa Ciwawa ba ya jure kwana a fili. Mafita ita ce a keɓe masa ɗan ɗaki mai rufi da ƙofa da iska, nesa da randar ruwa da madafi. Wanda yake da shakka a kan hukuncin riƙonsa, ya tambayi malaminsa tun kafin ya fitar da kuɗi. Ta fuskar gadi, kunnensa yana da kaifi, da zarar baƙo ya taɓa ƙyaure zai tayar da gida da haushi, amma iyakar abin da zai iya ke nan.

Kada a karɓi ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, kuma ga irin wannan nau'i, jira zuwa mako 10 ko 12 ya fi kwanciyar hankali. A nemi ganin uwar, a karɓi katin rigakafi. Masu talla a Facebook da Instagram sukan yi alfahari da wanda ya fi ƙanƙanta har ana saka shi a kofin shayi, su ƙara masa kuɗi. Wannan ba wani nau'i ne na daban ba, kuma mafi ƙanƙantar shi ne mafi yawan laulayi.

Babban haɗarin watannin farko shi ne faɗuwar sukarin jini. Cikinsa ƙarami ne, jikinsa ba shi da ajiyar da zai dogara da ita, don haka tsallake abinci sau ɗaya ko biyu yana iya kayar da shi. Na taɓa ganin haka da idona a gidan wani maƙwabcinmu a Yelwa, da sanyin safiyar wani watan Janairu. Ɗan kwikwiyon ya ƙi cin abincin dare, da gari ya waye aka same shi yana tangaɗi, dasashinsa ya yi fari, idanunsa sun lumshe. Matar gidan ta lakato zuma da ɗan yatsa ta goga masa a dasashi, aka naɗe shi cikin tawul, bayan 'yan mintoci ya ɗaga kai, sannan aka wuce da shi wurin likitan dabbobi. Matakin da ya dace ke nan: a goga zumar, kada a ɗura masa ruwa a baki alhali ba ya iya haɗiya, kuma kada a ce tunda ya farfaɗo an gama. Rigakafin wannan matsala shi ne a ciyar da ɗan kwikwiyo kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, babba kuwa sau biyu ko uku. Abincin karnuka na buhu mai ƙananan ƙwayoyi ya fi dacewa, ana kuma iya haɗa masa da dafaffen naman kaza marar ƙashi da ɗan shinkafa.

Akwai abubuwan da ba a ba shi ko kaɗan: albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi, goro, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa a hanji. Wannan ya fitar da miyar gida da tsire daga lissafi, tunda da wuya a rasa albasa a cikinsu. Abin da babban kare zai ci ya sha da ƙyar, mai kilo 2 ba zai kai labari ba. Haka ma magungunan mutane irin su farasitamol, ba a gwada su a kansa.

Maganar kaska ita ce ta fi damuna, domin a nan ne kyakkyawar niyya ke zama ajali. Da damina kaska takan yi yawa, mutane kuma sun saba sayen maganin wankan shanu a kasuwa su yi wa kare, wasu har fiya-fiya suke shafa masa. Sinadarin amitraz, wanda ke cikin wasu magungunan kaska na dabbobi, an yi gargaɗi musamman kada a yi amfani da shi a jikin Ciwawa. A bar likita ya auna nauyinsa ya zaɓi magani, a riƙa duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu kowace yamma, a kuma share makwancinsa.

Alluran rigakafi suna farawa ne daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, kuma su ne ke kare shi daga cutar fabo mai haddasa amai da gudawar jini. Allurar ciwon haukar kare ana yin ta yana wata uku, a sabunta kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da ita. Ƙanƙantarsa ba ta sa cizonsa ya zama wasa ba. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti.

Yanayin Bauchi yana gwada shi ta fuska biyu. Da hunturu, a Disamba da Janairu, yakan yi ta karkarwa, sai a shimfiɗa masa bargo a sa masa 'yar riga da dare. A zafin Maris da Afrilu kuwa, kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafi, don haka a ajiye masa ruwa a inuwa, a fita da shi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma kada a bar shi cikin mota a rufe. A tsakar gida a sa ido, domin shirwar da ke surar 'yan tsaki tana iya kai wa ɗan kwikwiyo hari.

Da yawansu ana haihuwarsu da maɗiga a tsakiyar kai kamar ta jariri, wasu kuma ba ta rufewa har girma, saboda haka faɗowa daga kujera ko daga hannun yaro ba ƙaramin abu ba ne. A koya wa yara su zauna a ƙasa kafin su ɗauke shi. Maƙogwaronsa ma ba shi da ƙwari, don haka igiyar ja a ɗaura ta a ɗamarar ƙirji maimakon wuya. Idan aka ga yana ɗage ƙafar baya yana tsalle da uku, mai yiwuwa ƙoƙon gwiwarsa ne ke gocewa, sai a kai shi a duba. Haƙora 42 ne cunkushe a ɗan ƙaramin muƙamuƙinsa, shi ya sa ciwon dasashi ke saurin kama shi. A riƙa goge masa su da buroshi mai laushi da man goge baki na karnuka, ban da na mutane.

Wanda yake da mace kuma yana son ta haihu, ya san cewa cikin yana ɗaukar kimanin kwana 63, kuma saboda girman kan 'ya'yan sau da yawa sai an yi mata tiyata. A lokacin da take neman barbara a killace ta sosai, domin idan babban karen unguwa ya hau ta, cikin yana iya zama sanadin mutuwarta.