Kurakuran da aka fi yi wajen cin ganye da 'ya'yan itatuwa masu launi, da yadda za a gyara su

Na daɗe ina lissafa kaina cikin masu cin kayan lambu, har ranar da na tsaya na dubi abin da nake zubarwa. Na tafasa alayyafo na tsiyaye, ruwan ya fito kore shar, ganyen da ya rage a kwando kuwa ya yi laushi tiɓis, launinsa ya dushe. Abin da na sayi ganyen dominsa, da yawansa ya bi ruwa. Tun daga ranar nake lura, sai na ga yawancinmu muna da niyya mai kyau, ƙananan kurakurai ne ke cinye mana amfanin.

Wanda ya fi yawa shi ne manne wa abu ɗaya. Wani kullum ayaba, wani kullum lemo, ya ce ai yana shan 'ya'yan itace. Madalla, amma launin kowane abu alama ce ta sinadarin da ke cikinsa, kuma babu ɗaya da ya tattara duka. Ruwan goron karas da kabewa da mangwaro da gwanda daga beta-karotin yake, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon gani da dare da garkuwar jiki. Jan tumatir da kankana na laikofin ne. Shunayyar baƙin inabi da jan kabeji da jar albasa daga antosayanin take. Ganye mai duhun kore yana ɗauke da folet da bitamin K da lutin, shi kuwa lutin a tsakiyar bayan ido yake taruwa, wurin da ke ba mu gani tar. Folet ma ba abin wasa ba ne ga matar da ke shirin ɗaukar ciki, domin lakar jariri tana haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ba. Gyaran mai sauƙi ne. Idan kun je sayayya, ku leƙa jaka kafin ku juyo, in launi ɗaya ko biyu kaɗai ke ciki, ku rage wannan ku ƙaro wancan. Ba dole ne kowane faranti ya tara duka ba, ya isa a ce mako bai ƙare ba sai kowane launi ya ratsa tukunya.

Fari ma launi ne, kada a raina shi. Tafarnuwa da farar albasa da farin kabeji suna da nasu rabon. Ita tafarnuwa sai an daka ko an yayyanka ta sinadarin alisin ke samuwa, saboda haka a daka ta a bar ta 'yan mintuna kafin ta shiga wuta.

Sai batun yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, wato kashi biyar na giram 80, kusan cikin tafin hannu sau biyar. Ga yara 'yan shekara 2 zuwa 5 giram 250 ne, 'yan 6 zuwa 9 kuma 350. Inda ake tuntuɓe shi ne, dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci ba sa cikin wannan lissafi, tare da shinkafa da burodi ake ƙirga su. Haka nan yanka biyu na tumatir da aka ɗora a gefen faranti don ado bai kai kashi ɗaya ba.

A tukunya aka fi tafka asara, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. Bitamin C da folet suna narkewa a ruwa, zafi kuma yana kashe su. Duk wanda ya yayyanka ganye ƙanana, ya jiƙa shi a ruwa, ya tafasa shi tsawon lokaci, sannan ya zubar da ruwan, ya yi asara huɗu a jere. A wanke ganye tun yana ɗanyensa kafin wuƙa ta taɓa shi. A yanka shi dab da dahuwa. A zuba shi a ƙarshe, ruwa kaɗan, a rufe tukunya, a sauke tun korensa na nan kuma yana ɗan ƙaras-ƙaras a baki. Turarawa ta fi tafasawa. In an tafasa ɗin, ruwan ya koma cikin miya. Masu jefa garin soda na girki don ganye ya yi saurin laushi ya riƙe korensa, su sani ido ne ya ƙaru, bitamin C ɗin ya tafi.

Wasu kuma da suka ji wannan sai su koma ɗaya gefen, komai ɗanye, mai kuwa ko ɗigo. Wannan ma kuskure ne, kuma yana ba ni tausayi domin masu ƙoƙari ne suka fi faɗawa ciki. Beta-karotin da laikofin da bitamin K sai da maiƙo hanji ke iya tsotse su da kyau. Tumatirin da aka dafa da ɗan mai ya fi ɗanye sakin laikofin, karas da aka ɗan turara ma haka. Cokali ɗaya na mai a kan salak ya wadatar. Abin da nake yi yanzu shi ne in raba: lemo da gwaba da tattasai a ci ɗanye saboda bitamin C, karas da kabewa da tumatir su ga wuta da ɗan mai.

Matse 'ya'yan itace a sha ruwan shi ma yana yaudarar mutane. Ku gwada matse lemo uku a kofi, za ku shanye kafin ku zauna, alhali da ɓarewa kuka yi kuka ci, da wuya ku gama na biyu ba ku ƙoshi ba. Tsakin da aka tace aka zubar shi ne harzar da ke rage gudun shigar sukari cikin jini, take kuma hana taurin bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace tare da sukarin da ake zubawa a abinci. A Birtaniya shawarar hukuma ita ce kada a wuce mililita 150 a rana, kuma ko nawa aka sha kashi ɗaya ne cikin biyar ɗin. Lemon kwalba mai hoton mangwaro a jiki kuwa ba ya cikin zancen.

Akwai kuma masu cewa tun da suna shan ƙwayar bitamin, sun huta da ganye. An gwada wannan tunani, sakamakon ya girgiza likitoci. A Finlan an bi maza masu shan taba kusan 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar beta-karotin. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin masu shan ƙwayar. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 saboda an ga irin haka. Karas bai taɓa yi wa kowa wannan ba, iyakarsa in an cika ci tafin hannu ya yi rawaya, ya washe idan an rage. Ƙwayar da likita ya rubuta, kamar folik asid na masu ciki, a sha ta ba fashi, amma ba ta ɗauke wa mutum cin ganye.

Fere tuffa da kokwamba asarar harza ce, a wanke a ci da ɓawo. Wankin kuma da ruwa mai tsabta ne, ana murzawa da hannu, ban da sabulu. Shan shayi a kan abinci yana tare sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake, matsa lemon tsami kuwa yana ƙara shigarsa jiki, don haka shayi ya jira kamar awa guda.

Masu wasu larurori su yi hattara. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ba a hana shi ganye ba, sai dai kada ya ci tuli yau gobe ya daina, domin bitamin K yana sauya aikin maganin. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa zai iya cutuwa da yawan fotashiyam na ayaba da tumatir da lemo. Garehul yana karo da wasu magungunan kitsen jini da na hawan jini. Mai ciwon sukari kuma kada tsoro ya raba shi da 'ya'yan itace gaba ɗaya, ya ci su ɗungum, kaɗan-kaɗan a rarrabe cikin yini, ya tambayi likitansa gwargwadon da ya dace da shi.