Yadda ake gwada shimfiɗar kwal kafin a adana iskar CO2 a cikinta

Iskar kabon dayoksaid (CO2) manne wa jikin kwal take yi, ta kori iskar mitan, wato gas mai kama wuta, da ta tarar a wurin. Kwal mai matsakaicin ƙwari kan ɗauke ta kusan ninki biyu na mitan. Hanyar shigarta ita ce siraran tsagogin da suka ratsa kwal ɗin, kuma da zarar ya sha iskar sai ya kumbura ya matse su. Duk aikin a kan wannan kumburin yake.

Fara da zaɓen wuri. Nemi shimfiɗar da ba za a taɓa haƙa ba, mai zurfin mita 300 zuwa 1,500, da dutse marar yoyo a samanta, wadda sauƙin ratsawarta ya kai milidasi 1 (ma'aunin yadda iska ko ruwa ke ratsa dutse). Kwal na kusa da doron ƙasa, irin wanda ake yaye ƙasa a ɗiba a Maiganga ta Gombe, ba na wannan aiki ba ne.

Da an ciro samfuri daga rijiya, a naɗe shi nan take. In ya bushe zai tsattsage, awon ya yi ƙarya. A yanka shi yadda iska za ta bi manyan tsagogi, a sa a na'ura mai matsi da zafi daidai da na ƙarƙashin ƙasa. A fara auna sauƙin ratsawa da iskar hilyom, domin ba ta mannewa, sannan a tura CO2 a jira kwanaki, wani lokaci makonni, har kumburin ya tsaya, a sake awo. Adadi na biyun ne na lissafi. Masu gaggawa na farkon suke ɗauka, sai rijiya ta kunyata su. A kula kuma: sama da zafin digiri 31 na Salsiyos da matsin megafaskal 7.4, iskar kan yi nauyi kamar ruwa.

A fili, a tura ruwa a rufe rijiya a bi yadda matsi ke sauka. Kada matsin turawa ya kai wanda zai fasa dutsen sama.

Ko da haka, shigar iskar za ta ragu. A Allison ta Niyu Meksiko a Amurka, inda aka fara a 1995, ta faɗi sosai tun farko-farko. A Kaniów ta Poland sai da aka fasa kwal ɗin da ruwa a 2005. A Yubari ta Japan naitirojin aka tura, tsagogin suka buɗe, amma da aka koma CO2 suka sake tsukewa. Saboda haka a tanadi naitirojin tun a kasafi, a riƙa auna iskar rijiyoyin da ake fitar da mitan ta cikinsu: in CO2 ya hauhawa da wuri, ya samu gajeriyar hanya, sai a rage matsi.