Yadda nake tare tsutsar tumatir tun daga bakin gona

Shekarar da tsutsar nan ta fara cin gonata, da hannuna na kawo ta. Dashe na sayo a wurin wani mai reno, gwanin kyau a ido, ban juya ganye ko ɗaya na duba ba. Kafin wata biyu ganyen duk ya bushe kamar an babbaka shi.

Sunanta Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka ne, a 2006 aka fara ganinta a Sifaniya, daga nan ta bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum, ta shiga Afirka da Asiya. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, tsawonta bai wuce milimita 7 ba, da dare take yawo. Mafi yawan wannan doguwar tafiya a cikin kaya ta yi ta: akwatunan tumatir, kwanduna, dashe. Shi ya sa nake cewa killace tsirrai ba aikin jami'an kan iyaka kaɗai ba ne, naka ne kai ma.

Fara da abin da ke shigowa. Duk dashen da ba kai ka rena ba, ware shi nesa da gona, ƙarƙashin raga mai ƙananan ido, na mako guda zuwa biyu. Kullum da safe ka juya ganyen ka duba bayansa. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, fari-fari zuwa rawaya, ɗai-ɗai ake zuba su. Abin da ya fi saurin tona mata asiri shi ne tabon da tsutsar ke yi: tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, ta cinye naman, ta bar wuri kamar leda, da baƙin kashinta a gefe. Ɗaga ganyen ka haska shi da rana, sau da yawa za ka hango ta a ciki. A jikin 'ya'yan kuwa, ƙarƙashin hular tumatirin take fi hudawa.

Kwandon da ya dawo daga kasuwa kada ya shiga gona sai an kakkaɓe shi, an wanke, an shanya. Ni a bakin hanya nake tsayar da masu ɗaukar kaya, in fito musu da shi.

Sai tarko. Ana sayar da ɗan roba mai ƙanshin macen, wanda ke jawo mazan. Rataya shi a saman faranti mai ruwa da ɗan sabulu, ka sa biyu zuwa huɗu a hekta tun kafin dashe, ka riƙa ƙirga abin da ya faɗa duk mako. Canja robar bayan mako huɗu zuwa shida. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai har 260, kuma a lokacin zafi wajen wata guda ya ishe ta daga ƙwai zuwa girma, don haka jinkirin mako biyu ba ƙaramin abu ba ne.

In ka ga tabo, tsinke ganyen ka zuba a buhu ka ɗaure, ka ƙona ko ka binne da zurfi. Kada ka yar a kunya, domin a ƙasa ma takan kwanta ta rikiɗa. Cire zaƙami da sauran ciyayi dangin tumatir, kuma ka sani gauta da dankalin turawa da taba duk suna ba ta masauki.

Maganar feshi ita ta fi ba ni takaici. Tsutsar a cikin ganye take, kuma tana saurin sabawa da magani. Na ga masu ninka awo suna fesa iri ɗaya duk bayan kwana uku, suna kashe ƙwarin da ke cin ƙwanta, ita kuwa tana nan. Fesa da yamma, tun tsutsar tana ƙarama. Fara da Bt (maganin da ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa) ko man dogon yaro, in ta yi yawa ka nemi malamin gona ya tsara maka yadda za ka riƙa sauya dangin magani, ba sunan kwalba kawai ba.

In kayanka za su tsallaka iyaka, nemi takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace tsirrai ta ƙasarka, kamar yadda yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya (IPPC) ta 1951 ta tanada. In kuma ka ga ƙwaron da ba ka saba gani ba, sa shi a kwalba ka kai musu.

Bayan girbi, tumɓuke karan gaba ɗaya ka ƙona, ka kafce ƙasar, ka bar wurin aƙalla mako shida ba tumatir. Ni masara nake bi da ita, kuma ina roƙon maƙwabtan gonata mu tumɓuke a mako ɗaya.